Shafi Na Sittin Da Biyu

Littafi biyu ne a jakata.
Ɗaya bangonsa ya sha gumi har ya yi laushi kamar tsumma,
ɗaya shekaranjiya aka raba mana, yana warin tawada.
Sunansu ɗaya, Labarin Ƙasa.
Kogin Kwara bai sauya hanya tsakaninsu ba,
Tafkin Chadi ne ya ɗan tsuke.
Sai babin yawan jama'a,
shi kam ya kwana ya tashi da sabon baki.

Tsohon ya ce mutane su ne arziki,
ya zana manomi da 'ya'ya reras kamar kunyoyin gona.
Sabon ya ce tazara.
Ya zana miji da mata, yaro ɗaya, yarinya ɗaya,
kowa da takalmi,
ga doguwar kujera a bayansu, ba kowa a kai.

Ni sunana Tasi'u.
Ranar suna aka yi mini ƙidaya,
ba jami'i, ba dangwale,
sanƙira ya faɗi lambata unguwa ta ce amin.

Ajina a Gwammaja mutum casa'in da huɗu ne,
bencin mutum uku ya ɗauki biyar,
na bakin taga kafaɗunsu a waje suke karatu.
Na zana musu dalar shekaru a allo,
jarirai a gindi, tsofaffi a tsini.
Ta taga ga Dala can zaune,
ita ma gindinta ya fi kanta faɗi,
ban taɓa jin an kira taro a kanta ba.

Amma an kira a kanmu.
A wani ɗaki mai sanyi, nesa da nan,
an sha shayi, an sa hannu a takarda,
takarda ta shiga manhaja, manhaja ta shiga injin ɗab'i,
ta fito ta faɗo bisa cinyar Ashiru,
wanda ba shi da tebur.

Ya ɗaga hannu.
"Malam, a hoton nan ina za a sa ni?"
Aji ya kwashe da dariya.
Ni ma na dara, sai alli ya karye a hannuna.

Me zan ce masa?
Ba zan ce littafin ƙarya yake ba.
Na ga Inna a haihuwarta ta goma sha ɗaya,
na ga launin zanin da aka wanke a bayan ɗaki.
Na san kuɗin jarkar ruwa a Kurna bana.
Ni da Rahinatu uku gare mu,
kuma mun san ƙofar da muka bi a asibiti,
ranar Talata, ba mu gaya wa kowa ba.
Sai dai ba zan iya duban yaro
in ce da shi, kai ne rarar lissafi ba.

Na ce, "Ranar jarrabawa rubuta abin da shafi ya ce,
mai ba da maki bai san gidanku ba."
Aka kaɗa ƙararrawa, ta cece ni.

Da la'asar ina tattara littattafan makaranta
na ga ya yi ɓarna da biro a shafi na sittin da biyu.
Kujerar nan ta cika maƙil.
Biyu a hannunta, ɗaya a ƙasa yana cin wani abu,
wata ta goya ƙaninta.
Doka ta ce bulala uku da kuɗin littafi.

Na zauna na ƙirga, tara na samu.
Na sake bi da yatsa, sannan na gan shi,
can gefe, kusa da lambar shafi,
ɗan ƙarami, kwance, idonsa a rufe,
an rubuta a ƙasansa: Sabi'u, wata bakwai.

Goma cif.
Na rufe littafin na sa a jakata,
suka zama uku.